Daga Tsohuwar Fanka Zuwa Hannun Amarya: Maƙeran Fari da Masu Duwatsun Ado a Tamale

Kafin mota, kafin jirgin sama, kafin a ƙirƙiro fasfo, Bahaushe ya san hanyar Gwanja. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe wannan hanya tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a tsakiyar ƙarni na 15. Ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Katsina ko Jega, madugu a gaba, jakuna niƙi-niƙi da kanwa da turkuɗi da jar fata da duwatsun ado. Su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su biyo ta Sansanne Mango da Yendi, su sauke a Salaga, su juyo da goro. Tafiya ce ta wata da watanni, wani ma in ya je ya je ke nan, can zai yi aure ya hayayyafa.

Salaga ta ci kasuwarta har zuwa 1874, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, goro ya fara sauya hanya. Yaƙin basasar da ya ɓarke a Salaga a 1892 ya ƙarasa abin da ya saura. Fatake da malamai suka watse, cikinsu har da Alhaji Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. A 1907 Turawa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu ta arewa daga Gambaga suka kawo ta Tamale. Tun daga nan garin ya shiga jan jama'a, har ya zama babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Gana, ko da yake Ya-Na, sarkin Dagwamba, yana nan a Yendi, wajen kilomita 100 gabas.

Abin da ya kai ni Tamale ɗan ƙaramin kaya ne daga cikin lodin waɗancan fatake: kayan adon hannu da na wuya. Na ji ana cewa har yau akwai masu jan waya da hannu, masu narka azurfa, da mata masu shirya duwatsu. Gani ya kori ji.

Hanya da gari

Hanyar Yamai da Wagadugu ita ta fi kusa ga mutumin Sakkwato ko Katsina, amma rashin tsaro ya sa matafiya da yawa sun haƙura da ita. Ta gaɓar teku na biyo: Legas, Kwatano, Lome, aka shiga Gana ta Aflao, sannan Akara. Daga Akara zuwa Tamale wajen kilomita 600 ne, ta Kumasi da Taciman da Kintampo. Ana wuce Kintampo kurmi ya fara sirancewa. Kafin a haye Baƙar Volta a Buipe da Farar Volta a Yapei, sai ga kaɗanya, ga ɗorawa, ga kuka, ga suri jajaye a gefen titi. Ɗan Arewa ba ya bukatar a ce masa ya kusa gida.

Tamale gari ne shimfiɗaɗɗe, mai faɗi, mai zafi. Keke da babur sun fi mota yawa a idona, kuma mata na tuƙa babur da goyo a baya, ba mai ɗaga kai ya kalle su. Kekunan haya masu ƙafa uku, rawaya shar, sun cika titi. Dagbanci shi ne harshen gari. Da safe a ce maka "Dasiba", ka amsa "Naa". Amma da zarar ka doshi kasuwa ko Zango, Hausa ta ishe ka ciniki da tambayar hanya da neman masauki. Hausar tasu ba ta cika damuwa da bambanta namiji da mace ba, sai dai ba ta hana fahimta.

Masu kayan ado a garin kashi uku na same su. Akwai maƙeran fari, masu aikin azurfa da jan ƙarfe da tagulla, a lungunan bayan kasuwa. Akwai mata masu sayar da duwatsu da shirya su, a Babbar Kasuwa da ta Aboabo. Akwai kuma matasa masu haɗa waya da dutse, waɗanda aka fi gani a rumfunan Cibiyar Al'adu, inda baƙi ke sayen tsaraba. Kowane kashi yana cin abinci ne daga hannun ɗayan.

Jan ƙarfe

Maƙerar da na fi zama cikinta rumfar kwano ce, ba ta fi ɗakin kwana ba. Mai ita dattijo ne, tabarau ɗaure da zare, almajirai biyu a gefensa.

"Salamu alaikum. Baba, sannunku da aiki."

"Wa alaikumus salam. Maraba da baƙo. Daga ina?"

Da na faɗa masa, sai ya ture wani benci da ƙafa. "Zauna, ɗana, ai gida ka zo. Kakana daga wajenku ya taso."

Kayan aikinsa ba su da yawa: uwar maƙera ƙarama, guduma iri-iri, awartaki, magagari, almakashin ƙarfe, ɗan kaskon narki, zuga-zugi da gawayi, sai tukunyar gas da ya ce ɗansa ne ya matsa masa ya saya. A kusurwa kuma ga tarin abin da ban zata ba: cikin tsohuwar fanka, cikin injin ban-ruwa, da naɗin wayar janareta da ya ƙone. Wannan ita ce ma'adinar maƙerin Tamale. Gana ƙasar zinariya ce da manganis da lu'ulu'u, ba a san ta da haƙar jan ƙarfe ba. Duk jan ƙarfen da ke hannun maƙeri, wani injin ne ya mutu ya bar masa gado, 'yan gwangwan suka kawo a sikeli.

Ƙishin jan ƙarfe a wannan yanki ba sabon abu ba ne. Lokacin da Turawan Fotugal suka gina ganuwar Elmina a 1482, mundayen tagulla da tasoshi na cikin manyan kayan da suke bayarwa su karɓi zinariya. Kafin su ma, Ibn Baɗuɗa ya sauka Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353, ya tarar ana narka jan ƙarfe ana zuba shi sanda-sanda. Sirara a sayi nama da itace da su, masu kauri a sayi gero da man shanu, ana kuma kai shi har Gobir da Barno. Ƙarfen da muke yi wa kallon na talaka a yau, kuɗi ne a da.

Wayar cikin fanka tana zuwa da wani shafi mai sheƙi da ke hana wuta tsallakawa. Almajiri ya fara kai ta wuta, shafin ya ƙone, wayar ta yi ja-ja, sannan ya tsoma ta a ruwa ta yi cuu. A nan na ga bambancin maƙerin fari da na baƙi. Ƙarfen wuƙa in aka gasa shi aka tsoma a ruwa tauri yake yi. Jan ƙarfe kuwa yana fitowa da laushi, ka naɗe shi a yatsa kamar dafaffiyar taliya. Baƙin da wuta ta bari a jikinsa, da ruwan lemon tsami da gishiri ake cire shi, wasu kuma jiƙon tsamiya suke sawa, a bi da toka a goge.

In ana son waya ta ƙara sirancewa, akwai wani faifan ƙarfe mai ramuka a jere, daga babba zuwa ƙarami. A fiƙe bakin wayar da magagari, a shafa mata kakin zuma, a zura ta a rami, almajiri ya dafe faifan da ƙafafu ya kama bakin da awartaki ya ja da baya. Ta fito ta ƙara tsawo, ta rage kauri. A wuce rami na gaba. Bayan 'yan ramuka sai ta fara gardama.

"Ka ji ta?" in ji dattijon. "Ta yi fushi ke nan. In ka matsa mata yanzu tsinkewa za ta yi. Mayar da ita wuta ta huce."

Abin da masana ƙarfe ke faɗa ke nan da dogon bayani: ja da duka suna cakuɗa tsarin ƙwayoyin cikin ƙarfe har ya yi tauri ya fara tsagewa, zafi kuma ya sake daidaita su. Dattijon bai karanta wannan a littafi ba, a yatsunsa yake jin lokacin.

Daga wayar nan komai ke fita. In awarwaro ake so, a ninka waya biyu ko uku, a maƙale a ƙusa, a murɗa da sanda har su zama igiya, a ɗan bi ta da guduma ta kwanta, a lanƙwasa a jikin bututu. In sarƙa ce, a naɗe waya a tsinken ƙafar keke, a zare, a yanka naɗin a tsaye, sai ga ƙananan zobba sun zubo. Ɗaya bayan ɗaya za a sarƙa su, a liƙe bakin kowane. Sarƙar wuya guda tana iya cinye wa yaro yini sukutum, kuma a nan ake gane almajirin da zai zauna da wanda zai gudu ya koma tuƙa keken haya.

Jan ƙarfen bola yana da nasa duhun. Matasan arewacin Gana da yawa, musamman Dagwamba, sun yi shekaru a filin gwangwan na Agbogbloshie a Akara, suna ƙona wayoyi don su fid da jan ƙarfen ciki, suna shaƙar hayaƙin roba mai dafi, kafin hukuma ta rushe wurin a watan Yulin 2021. Akwai kuma ɓarayin wayar lantarki. Na tambayi dattijon yadda yake kauce musu. Ya ce, "Sabuwar waya mai kauri a hannun wanda ban san ubansa ba, ko kyauta ya ba ni ba na karɓa."

Azurfa da amana

Jan ƙarfe a fili yake zube. Azurfa kuwa tana cikin gwangwani, cikin aljihun ciki. Da dattijon ya buɗe, sai ga karyayyun zobba, ɗan kunne marar ɗan'uwa, ƙananan ƙwayoyin azurfa da ake sayowa daga kudu da awon giram, da dala guda ɗaya da ta sha hannu har fuskar matar jikinta ta fara shafewa.

Dalar nan kakanninmu sun san ta. Kuɗin Sarauniya Mariya Tariza ce ta ƙasar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780, kuma duk wadda aka buga bayan rasuwarta shekarar 1780 ce a jikinta. Nauyinta giram 28, kashi 83 cikin 100 azurfa. Da yake nauyinta da kyanta ba sa sauyawa, fatake daga Habasha har Hausa sun yarda da ita, maƙera kuma suka mai da ita abin narki. Daga baya sulallan Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1913 suka shigo kaskon, har zuwa 1920 da aka daina yin su da azurfa. Wannan ya sa tsoffin mundayen iyayenmu mata suke da kyau: maƙeri ya san abin da ya narka, mai saye ma ta sani, don sau da yawa ita ta kawo kuɗin da hannunta.

Yau wannan tabbacin ya tafi. Azurfa zalla ta cika laushi, shi ya sa ake gauraya ta da jan ƙarfe kaɗan. Ma'aunin da duniya ta sani shi ne kashi 925 cikin 1000, sauran 75 jan ƙarfe, kuma shi ne lambar da ake gani a cikin zobe. Matsalar ita ce hatimin buga 925 ana sayar da shi ga duk mai kuɗi. Akwai kuma wani farin ƙarfe da ake kira azurfar Jamus, wanda babu ko ɗigon azurfa a cikinsa, gaurayen jan ƙarfe ne da tutiya da nikel, kuma nikel ɗin ne ke sa wasu mata ƙaiƙayi da ƙuraje a kunne.

"To Baba, wanda bai sani ba fa, yaya zai gane?"

Ya ɗauki zobba biyu masu kama ɗaya. Ya ɗan goga kowanne da magagari a ciki, inda ba a gani, ya ɗiga musu ruwan gwaji daga wata 'yar kwalba. Ɗaya ya yi fari-fari, ɗaya ya yi kore yana kumfa. Ya ce maganaɗisu da mutane ke yawo da shi ba ya kama tagullar da aka yi wa wankan azurfa, don haka ba hujja ba ne. "Amma gwajin da ya fi duka," in ji shi, "shi ne ka sayi abu inda za ka iya dawowa gobe ka tarar da mai shi."

Na kalli yadda yake yin zobe. Azurfa tana narkewa a zafi maki 962, jan ƙarfe sai an kai 1085, shi ya sa narkin azurfa ya fi sauƙi a wutar gawayi. Ya zuba narkakkiyar a wani ɗan kwari, ta daskare sanda, ya buga, ya gasa, ya sake bugawa. Wurin haɗa baki ya shafa sinadari, ya ɗora ɗan ƙwayar liƙi, wadda azurfa ce da aka ƙara wa tagulla don ta riga zoben narkewa. Tazarar da ke tsakanin narkewar liƙin da narkewar zoben kaɗan ce. In aka ɗauke wuta da wuri bai kama ba, in aka makara aikin yini ya zama dunƙule. Ban ji ya yi magana ba sai da ya jefa zoben a ruwa.

Zoben maza shi ne ke riƙe da maƙerar. Musulunci ya hana namiji zinariya, ya halatta masa azurfa, kuma zoben Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na azurfa ne. A gari irin Tamale, inda Musulmi suka fi yawa, kullum akwai alhajin da ya dawo da dutsen aƙiƙ daga Makka yana son a ɗaura masa, ko ango da ke son zobe kafin ɗaurin aure.

Duwatsu

A Babbar Kasuwa, layin masu duwatsu ba ya ɓuya. Igiyoyi ne rataye, launi a kan launi. Na tsaya wurin wata Hajiya da ta ce sana'ar uwarta ce ta gada.

"Hajiya, barka da kasuwa. Waɗannan duk a nan ake yin su?"

Ta yi dariya. "Malam, a nan hannu kawai muke da shi. Dutse kowanne da garinsu."

Ta shiga ware mini. Masu kauri, masu ɗan gautsi a hannu, daga ƙasar Krobo suke, wajen Odumase da Somanya a Yankin Gabas. Can ake daka fasassun kwalabe su zama gari, a tankaɗe, a zuba a ƙananan ramukan yumɓu, a soka tsinken ganyen rogo a tsakiya, a kai murhu. Tsinken ya ƙone ya bar ƙofa, garin ya haɗe ya zama dutse, a wanke shi da yashi da ruwa. Masu ruwan ƙasa-ƙasa daga Abompe suke, an sassaƙa su ne daga dutsen da ake fid da alminiyam. Na tagulla masu zane daga Krofofrom, kusa da Kumasi, inda ake fara siffanta abu da kaki, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin a zuba tagulla a gurbinsa. Ƙanana masu ƙyalli da na roba kuwa, waɗanda suka fi kowa yawa da araha, daga Sin.

Sai ta jawo wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin tebur. Tsoffin duwatsu ne masu zanen furanni a jiki, irin waɗanda aka yi a tsibirin Murano na birnin Banis a Italiya, aka yi ta shigowa da su Afirka ta Yamma a ƙarni na 19. Waɗannan ba a sayar da su igiya-igiya, sai ɗai-ɗai. Hausawa suna da dogon hannu a wannan fatauci. Su ne suka riƙa bin ƙauyuka suna sayen tsoffin duwatsu daga hannun tsofaffi, musamman daga ƙarshen shekarun 1960 da Amurkawa suka buɗe ido a kansu. Har yau in ka je kasuwar duwatsu ta Koforidua ranar Alhamis, za ka ji Hausa a bakin dillalai. Ribar ta shigo, amma da yawa daga cikin mafi kyawun duwatsun sun haye teku, ba za su dawo ba.

Aikin Hajiya shiri ne. Jigida, abin wuya, abin hannun jarirai. Ba ta zana komai a takarda. Tana zuba duwatsu a faranti, ta kalli mai saye, ta tambayi launin zanen da za a ɗaura, sai allura ta fara tafiya. Ta ce abin da ke bambanta gwana da 'yar koyo ba zaɓen launi ba ne, ƙulli ne. Jigidar da aka ƙulla da kyau sai dai zare ya tsufa.

A Cibiyar Al'adu ne waya da dutse suke haɗuwa. Wata budurwa da na zauna kusa da ita kayan aikinta uku ne: filaya mai zagayayyen baki, mai faffaɗan baki, da ta yanka. Ta zura wayar jan ƙarfe a dutsen Krobo, ta lanƙwasa kan ta yi ɗan ido, ta naɗe jelar a wuyansa sau uku, ta datse, ta danne bakin don kada ya kama mayafi. Kafin in gama shan ruwan leda ɗan kunne ya tashi. Wayar daga maƙeri take saye, dutsen daga su Hajiya, sabon salo kuma daga bidiyon wayar salula, ciniki rabi a rumfa rabi a WhatsApp. Ta ce ƙawayenta da yawa sun tafi Kumasi da Akara dakon kaya a kasuwa, ita wannan filayar ce ta zaunar da ita gaban iyayenta.

Su wa ke saye?

Wanda ya tsaya a Cibiyar Al'adu kaɗai zai ɗauka Turawa ne ke riƙe da sana'ar. Gaskiya ne masu zuwa Gandun Dajin Mole da tsohon masallacin Larabanga suna yada zango a Tamale, ga kuma ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Suna saye da tsada. Amma kasuwar baƙo ba ta da tabbas. A watan Maris na 2020 Gana ta rufe iyakokinta saboda annobar korona, iyakokin ƙasa ba su buɗe ba sai Maris na 2022. Masu rumfunan tsaraba da na zanta da su ba sa son tuna wannan lokaci. Dattijon maƙeri da Hajiya kuwa sun ce ciniki ya ragu, amma bai tsaya ba, don ba a daina haihuwa ba, ba a daina aure ba.

Nan ne asirin yake. Mutumin Gana yana sa abin da aka yi a gida ba tare da jin ya ƙasƙanta ba. Daren da Kwame Nkrumah ya shelanta 'yancin kai, 6 ga Maris 1957, rigar saƙin arewa ce a jikinsa. A 2004 gwamnatin John Kufuor ta ƙaddamar da tsarin sa kayan gida ranar Juma'a, har ma'aikatan banki suka shiga. Rigar saƙi kuwa tana kiran abin hannu irin nata. Lokacin bikin Damba, a watan Rabi'ul Awwal, sarakuna da dawakai da makaɗa suna fitowa, kowa da adonsa, maƙera su kwana suna aiki. Jariri a ɗaura masa dutse, amarya a zuba mata jigida a lefe.

Ba wai babu barazana ba. Sarƙoƙin kanti masu wankan zinariya sun cika kasuwa, kuma kuɗin awarwaro ɗaya na hannu zai sayi tarinsu. Da na tayar da zancen, dattijon bai musa ba. "Ran farko nasu ya fi nawa ƙyalli. A dawo bayan damina a gwada." Jan ƙarfe ma yana da nasa aibin: gumi yana sa ya bar kore a fata, ko da yake wanki na fid da shi. Wasu masu talla kuma suna cewa awarwaron jan ƙarfe yana maganin ciwon gaɓoɓi. Binciken da aka yi a Jami'ar York ta Ingila, aka buga a 2013, bai ga wani amfani da ya yi wa masu ciwon ba. Abin ado ne, a sayar da shi a matsayin abin ado.

Abin da ya rage gare mu

Babu wata dabara da na gani a Tamale da babu ita a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Maƙeran fari suna nan a Kasuwar Kurmi ta Kano, suna nan a Maƙera Assada ta Sakkwato. Masaga na Bida sun daɗe suna narka gilashi suna yin duwatsu da ƙarau. Maƙeran Agadas kuwa azurfarsu ta zaga duniya. Hannu ba shi muka rasa ba. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne mai saye na gida, da kuma yarda tsakaninsa da maƙeri. Akwatin lefe a Kano ko Maraɗi yanzu, mai hali gwal ɗin Dubai yake zubawa, marar hali ya zuba na kanti, maƙerin unguwa ba ya cikin lissafi sai ranar da maƙalin sarƙa ya karye.

Gyaran yana hannu biyu. Maƙera su dawo da gaskiyar awo: a faɗi sunan ƙarfe, a auna azurfa a gaban mai ita, a goge bakin waya, a karɓi gyara in abu ya ɓalle. Ingila ta kafa dokar gwada azurfa da buga mata hatimi tun 1300, kuma wannan hatimin ne ya sa ake sayen azurfarta ido rufe. Ƙungiyoyin maƙeranmu, da sarakunan maƙera da har yanzu ake jin maganarsu, za su iya fito da tambari guda da duk wanda ya buga shi a kan jabu zai fuskanci hukuncin 'yan'uwansa. Cibiyoyin koyar da sana'a da suka tsaya kan ɗinki da man shafawa su ƙara da aikin waya da dutse, don jarinsa bai wuce filaya uku da naɗin waya ba.

Ɗaya hannun kuma namu ne, mu masu saye. Mai haɗa lefe a bana, ka ware kuɗin abu ɗaya, zobe ko awarwaro ko 'yan kunne, ka taka da ƙafarka zuwa maƙerar garinku. Ka tambayi ƙarfen, ka sa a auna a gabanka, ka biya kuɗin aikin ba tare da ka karya shi da tayi ba. In gidaje dubu suka yi haka, ɗan maƙeri zai ga dalilin zama kusa da ubansa ya koya.